Ƙishirwa a Cikin Hular Kwano

Zongo, Lome.

Zuwa ga Mai-sunan-Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa ka fita a sa'a ka sauka a sa'a, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mai tuƙa shi. Amin.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. To, ka san halinmu. Ɗan fari ne kai, ga shi sunan mahaifina gare ka, ba zan iya zaunar da kai in yi ta zuba ba. Inda baki ya yi nauyi sai alƙalami ya karɓe shi. Koleji dai ban ƙarasa ta ba, amma abin da na samo ya ishe ni rubuta wa ɗana wasiƙa ba tare da na tsuguna gaban mai rubutu a bakin gidan waya ba.

Gobe in Allah Ya kai mu za ka hau moto, wato babur, ka tafi Dapango can ƙarshen arewa ka riƙe sabon shagonmu. Mahaifiyarka ba ta so. Ita so take a ɗora moton a kamyo, babbar motar kaya, kai kuma ka shiga motar haya ka zauna tsakanin kaji da buhunan gari. Na ce a'a. Sana'armu ita ce kai kayan gyara inda mota ta mutu a daji, kuma wanda zai ci abinci da wannan sana'a dole ne ya san hanya da jikinsa. Na tsaya maka tsayin daka. Sai jiya na leƙa kayan da ka ɗaure. Ga sifana, ga ƙarin tub, ga kaset har da kwalbar turare, ga sabuwar hular kwanonka mai rufe fuska duka tana ta ƙyalli. Abin zuba ruwa ne kawai ban gani ba. Nan na ga kaina a cikinka. Tsoron da nake yi maka ba na ɓarayi ba ne, ba na manyan motoci ba. Ƙishirwa nake tsoro, irin wadda ke kama mutum a cikin wannan hula bai sani ba.

Ka saurara ka ji yadda ta yi da ni.

Tun muna tsohon Zongo, kafin a tashe mu zuwa nan, da keke na fara. Ina bin garejin Be-Kpota da na Adidogome ina tsintar tsofaffin ƙarafa, in wanke da kananzir in sayar wa direbobi. Ba wanda ya ba ni jari, kuma ban gaji ko ƙusa ba. Daga keke na hau moto. Ana nan sai wani Bature a Nyekonakpoe zai koma ƙasarsu ya baje kayansa, na je na sayo hular kwanonsa, ja wur, mai gilashi da ƙarfen haɓa. A Zongo kaf ba a taɓa ganin irinta a kan baƙar fata ba. Yara suka riƙa bina suna cewa ɗan sama jannati ya sauko. Dattawan bakin masallaci suka ce, "Garba, wannan tukunyar fa? Kai za a dafa?" Ni kuwa ko a jikina. Ji nake duk Lome ba kamata.

Cikin tsakiyar bazara, zafin nan da kan sa ƙadangare ya nemi inuwa, sai Alhaji Umaru mai shanu ya zo shagona da kansa. Kamyonsa ya ɗauko shanu daga arewa, famfon ruwan injin ya fashe a gindin dutsen Bafilo, shanu na tsaye a ciki rana na dukansu, ba wurin sauke su. Ya ce, "Garba, an ce kai ne mai moto mai gudu. In famfon nan bai kai gobe kafin dare ba, sai dai a bi su da wuƙa." Na ce, "Alhaji, je ka kwanta. Ka ɗauka ya kai." Ka san ubanka da baki. Amma gaskiya ita ce ban taɓa wuce Atakpame a kan moto ba, kuma na san in na kai famfon nan sunana ya fita, in na kasa kuwa na koma tsintar ƙarafa.

Da na idar da asuba na ɗaure famfo a baya, na ɗaure buta cike da ruwan alwala, na kifa hula, na kama gudiro, titin kwalta. Ko kurɓi ɗaya ban yi ba, wai kada fitsari ya tsayar da ni.

Kuskurena na farko girman kai ne. A ƙauyukan kudu yara na ganina sai su ruga bakin hanya suna ihun "Yovo! Yovo!", wato Bature. Hannuna cikin safa, fuska a rufe, wa zai san ɗan Zongo ne? Da na iso shingen jandarma na farko, ina shirin laluben takardu da katin jam'iyya, sai na ga mutumin ya ƙame ya sara mini ya ɗaga sanda. Kai! Wannan abu ya yi mini daɗi. Ni da aka saba tsayarwa a juye mini kaya, yau ni ake sara wa. Sai na ce a raina hular nan ba za ta bar kaina ba har Bafilo. Kuma ka san ba a shan ruwa da ita. Sai ka tsaya, ka cire safa, ka kwance maɗauri, ka zare ta, kowa ya ga ko kai wane ne. Saboda haka na wuce Notse, na wuce Atakpame da matan da ke ɗaga lemo da ruwan sanyi, ina ɗaga musu hannu kamar gwamna.

To ka ji: duk saran da za a yi wa hularka ba kai aka yi wa ba. Ka cire ta a shinge, ka gai da mutane, ka bari su ga fuskarka, ka sha ruwa tun da an riga an tsayar da kai. Gara a juye maka kaya kana tsaye da a tattara su kana kwance.

Abin da ban sani ba a lokacin, wanda nake so ka sani tun yau, shi ne hular nan maƙaryaciya ce. Iska na dukan ƙirjinka, kana jin sanyi-sanyi, sai ka ɗauka lafiya kake. Gumin jikinka iska na lashe shi kafin ka gan shi, na kanka kuwa soson cikin hula na shanye shi. Ruwa na fita daga jikinka kamar tulun da ya tsage, kai ba ka ga ɗigo ba. Numfashinka na dawo maka da ɗumi a baki, leɓe ba ya bushewa da wuri balle ya yi maka gargaɗi. Manomi a gona yana ganin guminsa ya nufi gora. Mai hular kwano ba ya gani. Kada ka jira sai ka ji ƙishi. In ka ji shi a kan moto, to ya daɗe da zama a jikinka, sallama ce kawai bai yi ba.

Bayan Bilita, rana ta take tsaka, mai ya yi ƙasa, dole na tsaya a wani ƙauyen ƙabilar Kabiye inda ake sayar da fetur a kwalba ƙarƙashin mangwaro. A gefe ga wata mata da manyan tukwane tana sayar da cukutu, burukutunsu ke nan, maza na zaune a benci. Ban cire hula ba, da yatsa na nuna tanki. Matar ta dube ni, ta ɗebo ruwa a ƙoƙo ta miƙo, don al'adarsu ce ba a barin baƙo ya wuce ba a ba shi ruwa ba. Na ɗaga gilashi kaɗan, warin tsamin cukutu ya bugi hancina. Na ce a zuci, ni jikan malamai, in kafa baki a ƙoƙon giya? Na kaɗa mata hannu kamar mai korar ƙuda, na sauke gilashi, na tayar da moto. Harshena a lokacin kamar tsohon takalmi yake.

Za ka ce ai ga buta a bayanka. Haka ne. Amma na ce wannan ruwan azahar ne, ruwan Allah ne, ba na ciki ba. Ka ga mutum ya ɗauko wa mota famfon ruwa tun daga Lome don kada inji ya ƙone, ga buta cike a bayansa, shi kuma yana ƙonewa a tsakani.

Ban yi nisa da ƙauyen ba kai ya fara sarawa. Yatsuna suka ƙage a kan birki. Sai na ji sanyi na ratsa ni cikin wannan rana, har tsigar jikina na tashi. Hanya ta zama biyu, na zaɓi wadda babu. Ban san sanda na bar gudiro ba. Allah Ya taimake ni gudun ya riga ya mutu, kuma gonar auduga ce da aka yi wa huɗa, ƙasa mai laushi.

Abin da ya biyo baya labari aka ba ni. Mutane sun taru sun yi zobe, ba mai taɓa ni, don sun ɗauka Bature ne ya faɗi, kowa na tsoron a ce shi ya kashe shi. Wanda ya yi ƙarfin hali ya ja hular ta ƙi fita, ba su san yadda ake kwance maɗaurin ba. Sai ga matar nan mai cukutu, Hodalo sunanta, ta ratsa su da wuƙar yankan kuɓewa ta datse maɗaurin ta zare hular. Abin da na fara ji da na farfaɗo dariyarta ce. Ta yi zaman kasuwar Sokode, tana jin Hausa irin tasu.

Ta ce, "Yo ashe Bahaushe ne! Ku zo ku ga Baturenku, har da tabon salla!"



Ta kwance butata ta girgiza, ta ji ta cike. Ta riƙe haɓa. "Malam, wannan fa? Sayarwa za ka kai garin Kara?"

Na ce da kyar, "Na alwala ne."

Ta ce, "To, mu kira limamin Bilita ya yi maka wanka da shi, tun da ka tanada."

Mazan nan suka kwashe da dariya. Ta sa aka ja ni inuwa, aka kwance mini riga, ta juye butar nan a kaina da wuyana. Ta aika gida aka kawo sabon ƙoƙo fari tas, ta zuba ruwan randa, ta barbaɗa gishiri kaɗan, ta matse lemon tsami. Ta ce, "Wannan bai taɓa ganin cukutu ba, Malam. Na ɗazu ma da ka buɗe baki ka yi magana kamar mutum da na canza maka. Mun san ku, kullum direbobinku na shan ruwa a nan." Na cafki ƙoƙon zan kafa kai, ta doke hannuna. "Sannu-sannu! Kai saniya ce?" Kurɓi-kurɓi ta riƙa ba ni har idona ya washe.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yi mini ciwo. Addini bai hana ni ruwanta ba, rashin tambaya ne da raina mutane. Hanyar da za ka bi yawancinta ba garuruwan Musulmi ba ne. In an miƙo maka ruwa ka cire hula, ka yi godiya, in zuciyarka ba ta kwanta da ƙoƙon ba ka ce a zuba maka a naka kofin. Ba wanda zai ji haushi. Maganar buta kuwa, da na dawo na kai wa Liman, ya dube ni ya ce, "Garba, to ƙasar da Allah Ya shimfiɗa tun daga nan har Bafilo ta mece ce? In matafiyi ya ji tsoron ƙishi, ya sha ruwansa ya yi taimama. Allah ba Ya bukatar gawarka da alwala." Ka riƙe wannan.

Yanzu ka ji inda ubanka ya nuna shi ɗan halak ne. Mutanen ƙauye suka ce in kwana. Gwiwa ta kwaile, madubi ya karye, kai na juyawa. Na duba famfo, lafiyarsa lau, don na naɗe shi da buhu. Na yi azahar a zaune, na huta har rana ta karya, na ci tuwon da Mama Hodalo ta sa a gabana. Ta ɗura mini ruwa a goruna biyu ta rataya mini, ta ɗaure maɗaurin hular da igiyar rama, ɗaurin zarge wanda ja ɗaya zai kwance shi. Ta ce, "Duk garin da ka shiga ka sha. In na ji ka sake faɗuwa, moton zan ɗauka in bar ka." Na hau. A Sotubuwa na tsaya na sha. A Sokode na tsaya na sha, na jiƙa rawani na naɗa a wuya. Ana kiran magariba na hango kamyon a gindin dutse, direba ya haɗa kai da gwiwa, mahauta har sun fara zagaye kamar ungulu suna taya shanu da arha. Da suka ga jar hula ta ɓullo sai direban ya miƙe yana ihu, "Ga Garba! Wallahi ga Garba!" Makaniki ya ɗaura famfo da hasken cocila, inji ya tashi. Ko saniya ɗaya ba a sa wa wuƙa ba. Mahautan nan suka watse ba sallama.

Kafin in dawo Lome labari ya riga ni. Alhaji Umaru ya tsaya a bakin masallacin Juma'a ya kama hannuna ya ɗaga. Daga ranar duk direban da motarsa ta mutu tsakanin teku da iyakar ƙasar Volta, sunan da yake aikowa nema shi ne Garba Mai Kwano. Dattawan da suka ce za a dafa kaina, 'ya'yansu ne ke yi mini aiki yau. Gidan da aka haife ka, shagunan nan, kujerar Makka tawa da ta mahaifiyarka, duk daga wannan tafiya suka tsiro. Kuma tun daga ranar hanyar arewa ba ta ƙara kayar da ni ba.

Amma kada ka ce daga nan na gama wauta. Tafiya ta gaba sai na ce bari in yi irin na raƙumi. Na shanye kusan rabin tulu kafin in fita. Ciki na ta ƙugi, kowane rami na ji shi a maƙogwaro, kafin Tsebiye na amayar da shi, kuma a cikin hula. Ba zan ƙara bayani ba. Cikin mutum ba tanki ba ne. Kaɗan-kaɗan, a kai a kai, shi ne sha.

Sai na zauna na yi tunani irin na mai sana'a. In inji na shan mai yana tafiya, me zai hana mutum? Na samo gorar roba na sa a aljihun ƙirji, na huda murfin, na zura siririn tiyo, na bi da shi ta ƙarƙashin ƙarfen haɓa har bakina. Tiyon farko na fetur ne, sabo fil daga shagona, amma kwana na yi ina gyatsar roba. Daga baya na sayi tiyon ƙarin ruwa sabo a kantin magani, shi ne ya yi. Ba Bature ya koya mini ba, ban gani a littafi ba. Yau je ka tashar manyan motoci ka ga masu moto nawa ke yawo da tiyon Garba a haɓa. Na haɗa maka naka da hannuna, yana kan sirdin motonka. Ka cika gorar, ka riƙa tsotsa kana tafiya. Ka wanke tiyon kullum da ruwan zafi, in ya fara baƙi a ciki ka yar. Kada ka zuba masa komai mai zaƙi. Kuma in ya zame daga bakinka kada ka neme shi da hannu kana gudu, na taɓa yin haka na kusa shiga ƙarƙashin tirela.

Tiyon ma ya so ya ruɗe ni, don da na samu sai na daina tsayawa. Wata rana na sauka a garin Mango ƙafafuna suka ƙage, na kasa taka ƙasa, alhali ruwa na sha har na gaji. Ashe gumi ba ruwa kaɗai yake ɗauka ba, har da gishirin jiki. Saboda haka tiyo na jiƙa maƙoshi ne kawai, ba ya maye gurbin inuwa. Duk babban gari ka sauka, ka cire hula kanka ya sha iska, ka ci abu mai gishiri, ko kilishi ko gyaɗa, in ka samu fura ka dama. In rana ta take, ka nemi bishiya ka ba ta girmanta. Motar da ta mutu za ta jira ka. Goro da kofi kuwa ba ruwa ba ne, ido kawai suke buɗewa.

Saura magana ɗaya wadda ba ta dace da bakin uba ba, amma gara in ji kunya da in yi kuka. In ka zaga bayan gari, ka duba launin bawalin. In fari ne, ci gaba da tafiya. In ya yi ja kamar shayi, ko ka ga tun safe ba ka nemi zagawa ba, to kada ka hau moton nan sai ka sha ka huta. Haka in kai ya fara sara, ko ka ji sanyi cikin rana. Na faɗa, ba zan maimaita ba.

In ka wuce Bilita ka tambayi gidan Mama Hodalo. Ta tsufa, ta bar tukwane, amma bakin na nan. Akwai turmin atamfa da sukari a jakarka, nata ne. Ka durƙusa ka gaishe ta da Hausa, kada ka yi mata wannan Faransancin naku na 'yan lakwal, wato 'yan boko. Za ta zage ka ta zagi ubanka, ka ce na gode.

Ɗazu bayan la'asar mahaifiyarka ta same ni ina huda murfin gorar. Ta tsaya a kaina ta ce, "Alhaji, ni ban san moto ba, ban san Dapango ba. Ɗana na sani. Kai ka ce ya hau."

Na ce, "Hajiya, ni na ce."

Ta ce, "To in wani abu ya same shi fa?"

Na ce, "Rai na hannun Allah. Amma abin da ya kayar da ni ba zai kayar da shi ba, wannan na ɗaukar miki."

Ta dube ni, ta ce, "Ka taɓa cewa famfo zai kai, ya kai. Na yarda." Ta juya ta tafi soya maka nama.

To ka ji. Tun da na auro matar nan ban taɓa faɗa mata magana ta faɗi ƙasa ba, kuma wannan karon maganata a bakinka take, kai za ka sha ta ko ka zubar. Direban farko da ka gamu da shi a Dapango mai gangarowa kudu, ka ba shi saƙo ya kawo mata cewa ka sauka da ƙafarka. Ni ba sai an gaya mini ba, daga guɗarta zan ji.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sanyaya maka rana, Ya haɗa ka da mutanen kirki a kowace inuwa ka tsaya. Allah Ya sa ka fi ni suna a hanyar nan, Ya yi maka albarka duniya da lahira. Amin summa amin.

Ni ne mahaifinka,
Alhaji Garba Mai Kwano